Kwanakin Jinya: A Tara Mana Su, Kada A Saye Su Daga Hannunmu

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, akwai wata magana da ta daɗe tana zagaya ɗakunan malamai a makarantunmu, daga Fagge zuwa Kwaciri, daga Rijiyar Lemo zuwa Sabon Gari. Ana cewa: malamin da ya yi shekara talatin da biyar yana riƙe da alli, bai taɓa kawo takardar likita ba, bai taɓa barin ajinsa ba kowa ba, me ya sa zai yi ritaya daidai da wanda ya sha kwanciya? Tunda hukuma ta ware kwanakin jinya, shi kuma bai ci su ba, ashe bai kamata ƙaramar hukuma ta ƙidaya su ta biya shi kuɗinsu ba?

Tambayar tana da nauyi, kuma waɗanda suke yin ta ba kwaɗayi ne ya sa su ba. Mafi yawansu dattawanmu ne da suka ga ritaya ta matso, suka dubi abin da ke jiransu, suka ga bai taka kara ya karya ba. Sun cancanci a amsa musu da hujja. Ra'ayinmu shi ne kada reshenmu ya nemi a mayar da kwanakin jinya kuɗi. Abin da ya kamata mu nema shi ne a rubuta mana kwanakin a sarari, a bar mu mu ci su idan ciwo ya zo, a kuma tara mana ragowar daga shekara zuwa shekara don ranar da babbar jinya za ta sauka. Ga dalilanmu.

Abin da doka ta tanada

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1971, ta ce a sashe na 16 ma'aikaci yana da haƙƙin a biya shi ladansa har na kwanakin aiki goma sha biyu a shekara idan rashin lafiya ta hana shi zuwa aiki, muddin likita mai rajista ya shaida. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya na 2008, waɗanda jihohi kan ɗauki samfuri daga gare su, sun ce ma'aikacin da ba a kwantar da shi a asibiti ba zai iya samun hutun jinya har kwana 42 a cikin wata goma sha biyu; idan ya wuce haka sai a gabatar da shi gaban kwamitin likitoci su duba ko zai iya ci gaba da aiki. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya ce kwanakin da ba a ci ba bashi ne a kan hukuma.

Akwai wata hikima kuma a sashe na 18 na wannan doka. Sashen ya haramta wa mai aiki ya ba ma'aikacinsa kuɗi a madadin hutun shekara matuƙar yana kan aiki. Waɗanda suka tsara dokar sun san halin talaka: idan aka ɗora masa kuɗi a hannun dama, hutu a hannun hagu, kuɗin zai ɗauka, jikinsa kuma ya biya daga baya. Idan an kare hutun mai lafiya daga ciniki, hutun majinyaci ya fi cancantar wannan kariya.

A matakin duniya ma, Shawarar da hukumomin UNESCO da ILO suka amince da ita ranar 5 ga Oktoba 1966 game da matsayin malamai, wadda dalilinta ne muke bikin Ranar Malamai a wannan rana kowace shekara, ta ce malami yana da haƙƙin hutun jinya tare da albashi. Ta ƙara da cewa a yi la'akari da lokutan da ya zama dole a nisanta malami daga ɗalibansa. Wato tun shekaru kusan sittin da suka wuce an gane cewa hutun jinyar malami kariya ce gare shi, kariya ce kuma ga yaran da ke gabansa.

Mu yi lissafi

Mu malamai ne, bari mu hau allo. A ce kwana goma sha biyu ne a shekara, malami kuma bai taɓa cin ko ɗaya ba cikin shekara 35. Ya tara kwana 420 ke nan, daidai da albashin wata goma sha huɗu idan an ƙidaya wata kwana talatin. Ko da a kan mafi ƙarancin albashi na Jihar Kano aka auna, wato naira 71,000 da gwamnati ta sanar a watan Oktoba 2024, kuɗin ya kai naira 994,000 ga mutum ɗaya. Malamin da ya kai ritaya kuwa albashinsa ya ninka wannan. Idan kuma da kwana 42 aka auna, sai a sami kwana 1,470, wato albashin fiye da shekara huɗu. A ninka wannan da yawan malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi 44 na jihar nan, sai a ga dutsen da ake so mu ɗora wa asusun da yake nishi kafin ya biya albashin wata.

Wani zai ce, ina ruwanmu da nishin asusu, haƙƙinmu muke nema. Ruwanmu ne, domin daga asusun nan albashinmu yake fitowa. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa ilimin firamare cikin ayyukan da ƙananan hukumomi ke da hannu a ciki, kuma daga kasonsu ake cire albashin malamai kafin ya iso mana ta hannun SUBEB. Dattawanmu ba su manta da abin da ya faru a 1991 ba, lokacin da aka rushe Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, aka miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar komai. Malamai a faɗin ƙasar nan sun yi watanni ba albashi, har sai da aka dawo da hukumar a 1993. A yau ma, bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, tsaron albashin malamin firamare ya sake zama abin sa ido. Abokan aikinmu na Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 saboda ƙananan hukumomin yankin sun ƙi aiwatar musu da sabon albashi. A irin wannan yanayi, duk wanda ya buɗe sabon babin bashi ya ba masu neman uzuri abin fakewa.

Sai kuma batun garatuti, wanda shi ne babban miki. Tun da aka kafa dokar fansho ta jihar a 2006, ana cire kashi takwas cikin ɗari na albashin ma'aikaci, hukuma kuma ta zuba nata kaso, a asusun amintattu na fansho. Duk da haka, gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙoƙin mamata na kusan naira biliyan 48, ta kuma fara biya da naira biliyan shida a Disamba 2023, sauran kuma kashi-kashi. Mun yaba da wannan biya, muna kuma roƙon a ɗore har layin ya ƙare. Amma darasin a fili yake. Kuɗin da doka ta rubuta, aka kuma yanke daga albashinmu wata-wata, sai da wasu suka yi shekaru suna jiransa, wasu kuma magadansu ne suka karɓa. To ina ga kuɗin kwanakin jinya da babu dokar da ta san da shi? Zai zama lamba a takarda, mu yi ta murna, mu tsufa muna bin sawu.

Abin da ya faru inda aka gwada

An gwada wannan tsari a wasu ƙasashe, kuma gani ya kori ji. A jihar New Jersey ta Amurka, ƙananan hukumomi da hukumomin makarantu sun daɗe suna biyan ma'aikata kuɗin kwanakin jinyar da suka tara idan sun zo ritaya. Wasu manyan jami'ai suka riƙa tafiya da ɗaruruwan dubban daloli, har wasu garuruwa suka koma cin bashi don su biya. Gwamnan jihar na lokacin, Chris Christie, ya riƙa kiran kuɗin da sunan kuɗin sayen jirgin ruwa, don ba'a. A 2010 majalisar jihar ta sa iyaka: sabon ma'aikaci ba zai karɓi fiye da dala 15,000 ba. Waɗanda suka fi cin moriyar tsohon tsarin su ne masu babban albashi da ofis mai sanyi, waɗanda za su iya ɓacewa kwana biyu ba tare da an rubuta ba. Ƙaramin ma'aikaci kuwa, zagin jama'a ya raba da su.

Ita kuwa gwamnatin tarayyar Amurka wata hanya ta bi. Ma'aikacinta yana samun kwana goma sha uku a shekara, yana tara su ba iyaka, kuma ba a ba shi kuɗinsu a hannu. Idan ya zo ritaya sai a ƙara ragowar a kan tsawon shekarun aikinsa wajen lissafin fansho. Ga mafi yawan ma'aikatan da ke aiki yanzu, an fara ƙidaya rabin kwanakin daga 2009, aka koma ƙidaya su duka daga 2014. Ba muna cewa a kwafo tsarin wata ƙasa a manna mana ba ne, domin tattalin arzikinmu da nasu ba ɗaya ba. Abin lura dai shi ne ƙasa mai arziki ma ta fi samun natsuwa da tara kwanaki fiye da sayen su.

Ajinmu ba ofis ba ne

Babbar hujjarmu tana cikin aji. Duk wanda ya koyar a firamaren gwamnati a wannan ƙaramar hukuma ya san yadda yara ke cika ɗaki, gwiwa na gugar gwiwa, tagogi kuma a rufe lokacin hunturu saboda ƙura. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 cutar mashaƙo ta ɓarke a ƙasar nan, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, kuma yara 'yan shekarun makaranta ne suka fi shan wuya. Tarin fuka, ƙyanda, sanƙarau da ciwon ido duk ta cunkoso suke yaɗuwa. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke kan titin Faransa a maƙwabtakarmu yake, mun san ba don ado aka gina shi ba.

Yanzu a ɗauka an ce wa malami kowace ranar da ya jure ya zo aiki da ciwo, akwai naira dubu biyu ko uku da za a ajiye masa. Me muke tsammani zai yi, da buhun shinkafa a farashin da yake? Zai sha maganin zazzaɓi daga kemis, ya ɗaura rawani ko ta yafa mayafi, ya shiga aji yana tari a kan yaran mutane. Ciwon da kwana uku na hutu zai warkar ya zama na wata uku. Tsarin da aka kawo don saka wa mai himma sai ya koma lada ga mai yaɗa cuta.

Sannan mu tambayi kanmu, wa zai ci riba, wa zai yi asara? Lafiya kyauta ce ta Ubangiji, ba ƙwazo ba ne. Malamar da ta yi haihuwa biyar, kowace da laulayinta, ba za ta tara abin da abokin aikinta namiji zai tara ba. Mai fama da sikila, mai ciwon suga, mai hawan jini, wanda ya yi haɗari a kan babur a hanyar makaranta, duk za su fita da hannu biyu, alhali su ne suka fi kashe kuɗi a asibiti. Ƙungiyar da aka kafa a 1931, Rabaran Ransome-Kuti yana shugabanta na farko, an kafa ta ne don mai ƙarfi ya tallafi mai rauni. Bai dace da ita ba ta nemi tsarin da zai ƙara wa mai lafiya, ya bar majinyaci.

Inda matsalar take

Gaskiyar da muka sani ita ce da yawanmu ba mu ci kwanakin jinya ba ne don ba mu sami damar ci ba. Kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganin takarda daga ofishin ilimi da ta fayyace kwana nawa malami yake da shi, da hanyar neman su. Idan malami ya kwanta babu mai maye gurbinsa, sai a haɗa ajinsa da na maƙwabci, yara su zama ninki biyu a hannun mutum ɗaya. Saboda kunyar abokan aiki sai ya taso bai warke ba. Ga tsoron a zo tantancewa ranar da ba ya nan, sunansa ya faɗa cikin na ma'aikatan bogi, ya yi watanni yana zarya kafin albashi ya dawo. Ga wahalar samun takardar likita, wadda kan ci yini guda a layi da kuɗin mota. Ga shi ana cire mana kaso kowane wata don tsarin taimakekeniyar lafiya na KSCHMA, wanda aka kafa da dokar 2016, amma malamin da ba shi da sararin barin aji, yaushe zai je ya amfana da abin da ya biya?

Saboda haka dattijon da ya ce shekara talatin da biyar bai taɓa hutun jinya ba, sau da yawa labarin juriya yake ba mu, ba labarin ƙoshin lafiya ba. Maganin wannan shi ne na bayansa kada su sha irin wuyar da ya sha.

Abin da muke ba da shawarar a nema

Na farko, hukumar SUBEB da ofishin Sakataren Ilimi su fitar da takarda guda, da Hausa da Turanci, a manna a ofishin kowane shugaban makaranta: kwana nawa ne na jinya, wace takarda ake bukata, wane asibiti ake karɓar shaidarsa, kuma wa ake kai wa. A yarda malami ya yi kwana biyu bisa sanarwarsa ga shugaban makaranta kafin a nemi takardar likita.

Na biyu, a buɗe rajistar jinya a kowace makaranta, malami ya sa hannu, shugaba ya sa hannu, a aika kwafi ofishin ilimi a ƙarshen kowane zango. Duk wanda sunansa ke cikin rajistar ranar tantancewa, kada a taɓa albashinsa.

Na uku, a bar mu mu tara ragowar kwanakin kowace shekara, kamar yadda manomi ke ajiye rumbun tsimi ba ya taɓa shi sai shekarar fari. Malamin da ya tara kwana ɗari, ranar da tiyata ko shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda ya same shi, zai yi jinyarsa da cikakken albashi, iyalinsa ba su shiga bara ba. Wannan bai buƙatar hukuma ta fitar da ko kwabo a yau, alƙalami da littafi kawai yake ci.

Na huɗu, a halatta mana mu ba juna kyautar kwanaki. Idan abokiyar aikinmu ta cinye nata tana kwance, malamai goma su ba da kwana bibbiyu, ta sami wata guda na aiki. Muna yin adashi, muna yin karo-karo a biki da rasuwa. Wannan ma irinsu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, a ware wasu malamai a matakin ƙaramar hukuma waɗanda aikinsu shi ne cike gurbin wanda ya kwanta. Gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni 2024, kuma ana ɗaukar sababbin malamai. Akwai matasa masu takardar NCE a unguwanninmu da ke zaune ba aiki. Idan ba a yi wannan ba, sauran tanade-tanaden za su tsaya a takarda, domin malami mai kunya ba zai bar ajinsa ba kowa ba.

Na shida, don kada a ce mun manta da dattawan da suka tayar da maganar: wanda ya kai ritaya da ragowar kwanaki, a ba shi har kwana sittin daga ciki ya huta da cikakken albashi kafin ranar ajiye aiki, ya sami sararin haɗa takardunsa na fansho. Mun zaɓi adadi kaɗan da gangan. Malamin da ya yi jinyarsa yadda ta kamata duk tsawon aikinsa zai iya kai wa kwana sittin ba tare da ya taɓa shiga aji da zazzaɓi ba, don haka babu abin da zai sa wani ya cuci jikinsa don tarawa.

Za a ce wasu za su yi wasa da wannan dama, su riƙa ƙaryar ciwo ranar kasuwa. Akwai irinsu, ba ma musu, kuma kowa ya san Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari ba su da nisa da makarantunmu. Amma rashin rajista ne yake rufa musu asiri a yanzu. Ranar da aka fara rubuta komai, mai fashin Litinin da Alhamis zai fito fili, kuma shi ne zai wayi gari rumbunsa babu komai. Ƙungiya ba za ta tsaya wa mai ƙarya ba, domin shi ne ke jawo wa mai gaskiya zargi.

Wannan magana ta shafi 'yan'uwanmu na NULGE kamar yadda ta shafe mu, tunda tukunyarmu ɗaya. Ma'aikatan lafiya a matakin farko, masu karɓar haraji a kasuwa, masu shara da masinjoji duk suna fuskantar abin da muke fuskanta. Ya kamata shugabannin reshe su zauna da nasu a fitar da bukata guda, a kai ta ga shugabannin jiha, domin murya biyu da suka daidaita sun fi saurin shiga kunne.

Kafin taron reshe mai zuwa, muna roƙon kowane wakilin makaranta ya zauna da malamansa ya rubuto abu uku: sau nawa aka haɗa aji a zangon da ya wuce saboda rashin lafiyar malami, mutum nawa suka zo aiki da ciwo, kuma me ya hana su hutawa. Da wannan za mu shiga ofis, a maimakon ƙorafin baki. Shugabannin makarantu kuma, waɗanda su ma 'yan ƙungiya ne, ba sai sun jira umarni ba kafin su sayi littafi su fara rajista.

Ku kuma iyalanmu, matan malamai da mazajen malamai da 'ya'yansu, kuna da rawar takawa. Idan kun ga maigida ko uwargida ta tashi jiki ba daɗi tana neman jakar makaranta, ku tsayar da ita, ku kira shugaban makaranta, ku kai ta asibiti. Ku ne za ku yi jinya idan abin ya yi tsanani, don haka kuna da bakin magana tun yana ƙarami. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu ga ritayarmu da ƙafafunmu.